Tsohuwar Mota da Sabon Ƙwai: Abin da Ke Hana Sigina Ƙiftawa

Gabatarwa

Fitilar sigina ƙarama ce a jikin mota, amma da ita direba ke sanar da na gabansa da na bayansa cewa zai karkata hagu ko dama. Idan ta daina aiki, ko kuma ta ba da saƙon da ba shi direba ke nufi ba, to an buɗe ƙofar haɗari, musamman ga masu babur da ke bin gefen titi. A 'yan shekarun nan masu tsofaffin motoci da dama sun koma cire ƙwayayen fitila na dā suna sa na LED, saboda sun fi haske, sun fi ƙarko, kuma ba sa cin batir. Sai dai sau da yawa da zarar an gama canjin sai sigina ta rikice. Wani lokaci ta kama ta tsaya cak ba ta ƙiftawa. Wani lokaci ta riƙa ƙiftawa da saurin da ya wuce kima. Wani lokaci kuma a kunna ta hagu, amma duk kusurwoyi huɗu su kama tare.

Mai mota yakan ɗauka jabun ƙwai aka sayar masa. Galibi ba haka ba ne. Tsohon ƙwan ba haske kaɗai yake bayarwa ba, yana cikin abubuwan da ke tsara lokacin ƙiftawar. Wannan darasi zai bayyana yadda hakan ke faruwa, ta amfani da dokokin lantarki da ake koyarwa a makarantun sakandare, sannan ya nuna hanyoyin gyara.

Taƙaitaccen tarihi

Kafin a samu sigina mai ƙiftawa, direba hannunsa yake miƙawa ta taga. Daga baya motocin Turai suka zo da wani ɗan hannu na ƙarfe mai fitila a ciki, wanda ke fitowa daga gefen mota idan an taɓa makunni. Daga sunan wannan ɗan hannu ne aka samo kalmar “tirafiketa” da har yanzu ake ji a bakin direbobin Nijeriya. A Amurka, kamfanin Buick ya fara sa sigina mai ƙiftawa a motocinsa a shekarar 1939. A Ingila kuwa, motar Morris Minor ba ta rabu da ɗan hannun ba sai a 1961.

Shi kuma LED ya biyo baya. A 1962 ne Nick Holonyak, yana aiki a kamfanin General Electric, ya ƙera LED mai ba da jan haske da ido ke iya gani. A 1972 George Craford ya samar da mai launin rawaya. Mai launin shuɗi, wanda ta hanyarsa aka samu farin LED, ya samu ne a farkon shekarun 1990 a hannun Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura, aikin da ya sa aka ba su lambar Nobel ta kimiyyar fiziks a 2014. Ke nan injiniyoyin da suka tsara wayoyin tsofaffin motoci ba su yi tsarin da irin wannan ƙwai a zuciya ba. Wannan ya shafi motocin da aka ƙera a Turai, ya kuma shafi irin su Peugeot 504 da aka harhaɗa a Kaduna, inda masana'antar Peugeot ta fara aiki a 1975.

Ma'aunai huɗu da ya kamata a sani

Kafin a shiga cikin matsalar, wajibi ne a tuna da ma'aunai huɗu. Na farko shi ne ƙarfin turi, wato ƙarfin da batir ke tura lantarki da shi, ana auna shi da bolt. Na biyu shi ne kwarara, wato yawan lantarkin da ke bin waya a kowace daƙiƙa, ana auna shi da amfiya. Na uku shi ne turjiya, wato yadda abu ke hana lantarki wucewa, ana auna ta da om. Na huɗu shi ne cin wuta, wanda ake aunawa da wat.

Dokar Ohm, wadda Bajamushen nan Georg Ohm ya wallafa a 1827, ta nuna cewa kwarara daidai take da ƙarfin turi a raba da turjiya. Cin wuta kuma shi ne ƙarfin turi sau kwarara.

A gwada wannan a kan mota. Ƙwan sigina na dā yana cin wat 21 a kan batir mai bolt 12. Kwararar da yake ja ita ce 21 a raba da 12, wato amfiya 1.75. Kowane gefe na mota yana da manyan ƙwayaye biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya, saboda haka idan an kunna sigina, kimanin amfiya 3.5 ce ke bin waya. Wannan adadi shi ne mabuɗin darasin gaba ɗaya.

Yadda filasha ke aiki

Na'urar da ke sa fitila ƙiftawa ita ake kira filasha. Ƙaramin gwangwani ne da akan ɓoye a ƙarƙashin allon gaban direba, kuma shi ne ke yin ƙarar nan ta “ƙas, ƙas” idan an kunna sigina. A tsofaffin motoci, zafi ne ke tafiyar da shi.

A cikin irin wanda ya fi sauƙin fahimta akwai wani siririn falle da aka yi da ƙarfe iri biyu manne da juna, alal misali tagulla da baƙin ƙarfe. Kowane ƙarfe yana miƙewa idan ya ji zafi, amma tagulla tana miƙewa kusan ninki ɗaya da rabi na baƙin ƙarfe. Tunda a manne suke, fallen ba shi da abin yi sai ya lanƙwashe. Lantarkin da ke zuwa ga ƙwayayen sigina ta cikin filasha yake bi. Yana wucewa sai falle ya ɗau zafi, ya lanƙwashe, ya rabu da mahaɗarsa, wuta ta yanke, fitila ta mutu. Da wuta ta yanke sai falle ya huce, ya koma mazauninsa, wuta ta dawo. Haka zai yi ta yi har a kashe makunni. Ƙa'idojin ƙera motoci na Turai da Amurka sun tanadi cewa ƙiftawar ta kasance tsakanin sau 60 zuwa 120 a minti ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, zafin da ke lanƙwasa falle ya dogara ne ga kwararar da ƙwayaye ke ja. Dokar Joule ta nuna cewa zafin da waya ke samarwa yana tafiya ne da kwarara sau kanta. Idan kwarara ta ragu zuwa rabi, zafi zai ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Masu ƙera mota sun amfana da wannan: idan ƙwai ɗaya ya ƙone, salon ƙiftawa yakan canza, direba ya gane akwai matsala ba tare da ya sauko ba.

Matsala ta farko: sigina ta tsaya cak, ko ta yi gaggawa

Ƙwan dā yana ba da haske ne ta hanyar gasa wani siririn zare na ƙarfen tangstin har ya haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wutar da yake ci zafi take zama. LED kuwa ba ya gasa komai, haske yana fitowa ne kai tsaye yayin da lantarki ke ratsa mahaɗar wasu sinadarai biyu. Shi ya sa cinsa kaɗan ne.

A ɗauka an sa ƙwayayen LED biyu masu cin wat 2 kowanne. Jimilla wat 4 ke nan, kwarara kuma 4 a raba da 12, wato kimanin amfiya 0.33. Wannan bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya 3.5 ba. Bisa dokar Joule, zafin da falle zai samu bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ya saba samu ba. Ba zai taɓa lanƙwashewa ba, saboda haka fitila za ta kama ta tsaya kamar fitilar gefe. Wanda ke baya ba zai fahimci cewa motar za ta juya ba.

Motocin da suka biyo baya suna da filasha mai aiki da ƙananan na'urorin lantarki maimakon zafi. Irin wannan yana auna kwarara, kuma an tsara shi ya ninka saurin ƙiftawa idan ta yi ƙasa, domin ya gargaɗi direba cewa ƙwai ya ƙone. Da aka sa masa LED sai ya ɗauka ƙwayayen sun ƙone, ya shiga ƙiftawa da gaggawa. A duka halayen biyu babu abin da ya lalace. Filasha yana yin aikin da aka ƙera shi ya yi ne.

Hanyoyin gyara biyu

Hanya ta farko ita ce a yaudari tsohon filasha. Ana haɗa wa kowane ƙwan LED wata na'urar turjiya da ake kira resista, ƙafarta ɗaya a wayar da ke kawo wuta, ɗayar a jikin mota, ta yadda za ta zama reshe na biyu kusa da ƙwan. Turjiyar ƙwai mai wat 21 idan yana ci ita ce 12 a raba da 1.75, wato kusan om 7, shi ya sa aka fi amfani da resista mai om 6. Za ta ja amfiya 2, ta ci wat 24. Idan inji na aiki, ƙarfin turi yakan kai kimanin bolt 14, cin wutarta kuma ya kusa wat 33. Saboda haka ake zaɓar wadda za ta iya jure wat 50.

Wannan hanya tana aiki, amma tana da illoli uku. Duk wutar da aka so a tanada ta koma zafi. Resistar tana yin zafin da zai iya narka roba ko rufin waya, don haka dole a ɗaure ta da kusa mai zare a jikin ƙarfen mota, nesa da roba da kafet da bututun mai. Bugu da ƙari, idan ƙwan LED ya mutu, resista za ta ci gaba da jan wuta, filasha ya ci gaba da ƙararsa, direba yana zaton yana ba da sigina alhali babu haske.

Hanya ta biyu, wadda ta fi dacewa, ita ce a cire tsohon filasha a sa na zamani da aka ƙera domin LED. Wannan yana ƙidaya lokacinsa da kansa, bai damu da yawan kwarara ba. Kafin a saya, a duba ƙafafun tsohon. A tsarin Jamus, ƙafa mai lamba 49 ita ke karɓar wuta, 49a ita ke kai wa makunnin sigina, 31 kuma ita ke zuwa jikin mota. A tsarin Ingila da Amurka akan ga haruffa: B ko X na wuta, L na fitilu, P na ɗan ƙwan da ke gaban direba. Da yawa daga filasha na zamani suna buƙatar a haɗa su da jikin mota ko da tsohon ba ya buƙata, kuma mantawa da wannan waya ɗaya kan sa a yi zaton sabon bai da kyau. Har ila yau, wasu motoci suna da filasha na biyu na fitilar haɗari, wadda ke kunna kusurwoyi huɗu, shi ma sai an canza shi. Galibin irin wannan filasha ba ya gargaɗi idan ƙwai ya mutu, saboda haka ya zama wajibi direba ya riƙa zagaya motarsa yana dubawa da idonsa.

Matsala ta biyu: kusurwoyi huɗu suna kamawa tare

Wannan ita ce ta fi ɗaure wa masu gyara kai, domin takan bayyana ne bayan an canza filasha, an yi zaton aiki ya kammala. Asalinta ɗan ƙaramin ƙwan nan ne mai launin kore da ke ƙiftawa a gaban direba.

A wasu tsofaffin motoci da babura da yawa, ƙwai ɗaya tak ne ke wakiltar hagu da dama. Domin a rage waya, sai aka haɗa ƙafarsa ɗaya da layin hagu, ɗayar da layin dama. Idan an kunna hagu, wuta takan bi ta cikinsa, ta shiga layin dama, ta ratsa manyan ƙwayayen dama, ta koma batir ta jikin mota. Ɗan ƙwan mai cin kimanin wat 2 ba ya barin abin da ya wuce amfiya 0.17 ya wuce. Wannan ya ishe shi haske, amma bai isa ya gasa zaren ƙwai mai wat 21 ba, saboda haka dama takan zauna a mace. Da aka sa LED sai lissafi ya canza, domin 'yar wannan kwarara ta isa ta haska shi. Sakamakon haka, direba zai ba da siginar hagu, amma na bayansa su ga alamar haɗari.

Maganin shi ne dayod guda biyu. Dayod ƙaramar na'ura ce da ke barin lantarki ya wuce ta fuska ɗaya kawai, kamar ƙofar da ke buɗewa ciki ba ta buɗewa waje. Irin 1N4007, mai ɗaukar amfiya 1, ta wadatar. Ana cire wayoyin biyu daga ɗan ƙwan, a haɗa kowace da dayod ɗaya, a tara ƙafafun dayod masu alamar zobe wuri guda a kai su ƙafa ɗaya ta ɗan ƙwan, ɗayar ƙafar tasa kuma a kai ta jikin mota. Yanzu wuta daga kowane gefe za ta isa gare shi, amma ba za ta tsallaka zuwa ɗaya gefen ba.

Matsala ta uku: ƙwai ya ƙi kamawa sam

Shi kansa LED dayod ne, wato yana da fuskar da yake karɓar wuta. Ƙwan dā bai damu da wannan ba. A motocin zamani, ƙafar batir mai alamar ragi (−) ce ke haɗe da jikin mota. Amma yawancin motocin Ingila da aka ƙera kafin ƙarshen shekarun 1960, ƙafa mai alamar ƙari (+) ce ke haɗe da jiki. Idan aka sa wa irin wannan mota LED da aka yi wa tsarin zamani, ba zai kama ba. Sai a nemi wanda aka ƙera domin wannan tsari, ko wanda ke karɓar wuta ta kowace fuska. Filashan ma haka, kuma dayod ɗin da aka ambata a sama sai an juya fuskarsu.

Haka nan a duba ƙarfin batir. Motocin Volkswagen Beetle da aka ƙera kafin 1967 galibinsu bolt 6 suke amfani da shi, kuma ƙwan da aka yi wa bolt 12 ba zai ba da hasken kirki a kansu ba.

Sai kuma tsatsa. Tunda ta jikin mota lantarki ke komawa batir, duk inda tsatsa ta ci mazaunin ƙwai ko kusar da ke riƙe da wayar jiki, turjiya takan ƙaru a wurin. Lantarki sai ya nemi wata hanya, ya bi ta fitilar birki ko ta gefe, a ga suna ɗan haske duk lokacin da sigina ta ƙifta. Goge mahaɗar har ƙarfe ya fito fes yakan kawar da wannan.

Launi da fuskar haske

Ko da ƙiftawa ta daidaita, saura a tabbatar ana ganin ta. Murfin fitila mai launi matata ce, yana barin launinsa ya wuce ya tare sauran. Farin LED yana da shuɗi mai yawa a cikin haskensa, don haka idan aka sa shi a bayan murfi mai ruwan lemo, wani kaso na hasken zai salwanta, launin kuma ya kode. Ƙa'idar ita ce a sa LED mai launin murfin. Ban da wannan, an ƙera madubin da ke bayan ƙwai ne domin ya tattara haske daga zaren da ke watsa shi ta ko'ina, alhali wasu LED gaba kawai suke haskawa. Gwajin gaskiya shi ne a tsaya da tsakar rana, daga baya da kuma daga gefe, a kwatanta sabon ƙwai da tsohon. A ƙasar Jamus doka ba ta yarda a hau titi da ƙwan LED a mazaunin ƙwan dā ba sai in hukuma ta amince da wannan samfurin.

Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna wannan darasi da kaya kaɗan: batir mai bolt 12, fis mai amfiya 5, tsohon filasha mai aiki da zafi daga kasuwar kayan gyaran mota, ƙwayaye biyu masu wat 21, ƙwan LED ɗaya, da agogo. A haɗa fis kusa da batir, sai filasha, sai ƙwayayen biyu kowanne a reshensa. Ɗalibai su ƙidaya ƙiftawa a minti ɗaya su rubuta. A cire ƙwai ɗaya a sake ƙidayawa. Daga nan a sa LED shi kaɗai a ga abin da zai faru. Idan akwai mitar auna kwarara, a rubuta amfiya a kowane mataki. A yi hattara, ƙwai mai wat 21 yana ƙona hannu, kuma kada a bari wayoyin batir biyu su taɓa juna.

Kammalawa

An ga cewa matsaloli uku ne ke biyo bayan sa LED a tsohuwar mota, kuma kowace tana da tushe a dokar lantarki. Ƙarancin kwarara ne ke hana filasha aiki, ɗan ƙwan gaban direba ne ke tsallakar da wuta zuwa ɗaya gefen, fuskar batir kuma ita ke hana ƙwai kamawa. Mai gyara zai tsira daga asarar kuɗi idan ya bi mataki mataki: ya fara tantance ƙarfin batir da ƙafar da ke haɗe da jiki, ya goge mahaɗai, ya canza filasha, ya gwada hagu da dama da fitilar haɗari, sannan ya sa dayod idan da buƙata.

Tambayoyi

1. Ƙwai mai wat 21 yana aiki da batir mai bolt 6. Amfiya nawa yake ja?
2. Idan kwarara ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar, zuwa kashi nawa zafin fallen filasha zai ragu?
3. Resista mai om 6 tana haɗe da bolt 14. A lissafta kwararar da take ja da wat ɗin da take ci.
4. Me ya sa 'yar kwararar da ke bi ta ɗan ƙwan gaban direba take haska LED amma ba ta haska ƙwai mai wat 21?
5. A zana yadda za a haɗa dayod biyu da ɗan ƙwan a motar da ƙafar batir mai alamar ƙari ke haɗe da jikinta.